Yadda Za Ka Gwada da Kanka Ko Harshe Yana Taɓa Ganin Launi

Goggona tana da wani zane da ta riƙe tun tana amarya, rinin baba ne, an buge shi har yana sheƙi. Baƙin zane take ce masa. Wata rana na fito da shi tsakar gida na ɗaga a rana, sai na ga shuɗi ne, mai duhu dai, amma shuɗi. Na ce, "Goggo, ai wannan shuɗi ne." Ta ce, "Ɗan nan, da hannuna na kai shi marina. Baƙi na ce a yi mini, baƙi kuma aka yi." Idonta lafiya lau, har yau ita ke zura wa kanta zare a allura.

Tun daga ranar kunnena ya buɗe. Ka shiga ɓangaren 'yan hatsi a kasuwar Tudun Wada da ke nan Zariya ka nemi jar masara, abin da za a auno maka yaron firamare zai ce yalo ne. Jan wake ruwan ƙasa ne. Manja, wato man ja, ya fi kusa da ruwan goro. Baƙin shayi ka ɗaga kofin gilashi a haske ka gani ko baƙi ne. Ba kuskure muke yi ba, haka Hausa ta raba duniyar launi tun asali: fari, baƙi, ja, sauran kuma suka biyo baya.

Tambayar ita ce, bambancin nan a baki ya tsaya, ko ya kai ga ido? Masana sun fi shekara ɗari suna ja-in-ja a kai. Abin da ni na gamsu da shi shi ne, ido ɗaya ne ga kowane mai lafiyar gani. A bayan idon akwai ƙwayoyin karɓar launi iri uku, kuma na Bazazzage da na mutumin Rasha duk aiki ɗaya suke yi. Amma launi ba ya zuwa da iyaka a jikinsa. Dubi bakan gizo, babu layin da ya ce nan kore ya ƙare, nan shuɗi ya fara. Harshe ne ke shata iyakar, iyakar kuma tana taɓa abin da mutum zai tuna, tana ɗan taɓa saurin da zai bambance abu biyu. Wannan abu ne da za ka iya gwadawa a zauren gidanku da kuɗi kaɗan. Ga yadda ake yi.

Mataki na farko: haɗa kayan gwaji

Kana bukatar launuka tsakanin 40 da 50, dukansu a kan abu iri ɗaya. Wannan sharaɗin shi ne ginshiƙi. Idan ka tsinto ƙyallaye a shagon tela, wani shadda, wani atamfa, wani yadi mai santsi, mutane za su riƙa duba sheƙi da kauri maimakon launi. Hanya biyu ce mai sauƙi. Ko dai ka roƙi mai sayar da fenti a Sabon Gari ya ba ka takardar samfurin launukansa, ka yayyanka, ka tabbata ka yanke sunayen Turancin da aka buga a ƙarƙashin kowanne. Ko kuma ka sayi zaren ɗinki na kamfani ɗaya, ka nannaɗe kowane launi a ɗan kwali mai faɗin yatsa biyu har kwalin ya ɓace. Ni na fi son zare, domin mutanen garin nan sun saba da shi, gari ne na ɗinkin babbar riga da hula, kuma dattijo ba ya jin baƙunta in ka miƙa masa zare.

Kada ka zaɓi launukan da suka yi fes kaɗai. Inda maganar take shi ne tsakankani. Ka samo kamar goma da suke tafiya sannu a hankali daga kore zuwa shuɗi, goma daga ja zuwa rawaya ta kan ruwan goro, shida daga shuɗi mai duhu zuwa baƙi. Sauran ka cika da ruwan ƙasa, ruwan toka, ruwan hoda, shunayya da fari iri biyu ko uku. Ka rubuta lamba a bayan kowanne, a birkice, kada lambar ta bi jerin launin.

Don ka san girman abin da kake kwaikwaya: babban binciken launi na duniya da aka fara a shekarun 1970 ya yi amfani da 'yan katuna 330, aka kai su ga masu magana da harsuna 110 waɗanda ba a rubuta su. Naka ƙarami ne, amma hanyar ɗaya ce.

Sai haske. Ka shimfiɗa ƙyalle ruwan toka ko kwali marar sheƙi, a inuwa mai haske, da hantsi. Ban da ƙwan lantarki, ban da fitilar waya, ban da yamma lis lokacin da rana ta yi ja. Duk wanda ya taɓa ganin mace ta fito da atamfa daga rumfa zuwa bakin hanya kafin ta biya ya san dalili. Kuma kada ka nuna launukan a fuskar waya, domin kowace waya da irin nata hasken.

Mataki na biyu: zaɓen mutane

Mutum 12 zuwa 20 sun isa, amma su bambanta. Ka samu dattawa maza da mata da ba su yi boko ba, ka samu ɗaliban jami'a na Samaru ko Kongo da suke cuɗa Hausa da Turanci, ka samu yara 'yan shekara bakwai zuwa goma, sannan masu sana'ar da launi ne abincinsu: tela, maɗinkin hula, marini in ka samu, mai fenti, mai sayar da atamfa. Ka nemi izini da ladabi, ka faɗi gaskiyar abin da kake yi: "Baba, ina tattara sunayen launi ne irin na da, kada su ɓace mana." Dattijo in ya ji jarrabawa ce zai janye, in ya ji koyo ka zo sai ya saki jiki.

Akwai mutanen da aka haifa ba sa bambance ja da kore sosai. Gado ne, ya fi yawa ga maza nesa ba kusa ba, kuma a Turai yana kai kusan namiji ɗaya cikin 12, a Afirka bai kai haka ba. Wani likitan ido ɗan Japan, Shinobu Ishihara, ya fito da hotunan gwajinsa a 1917, masu ɗigo-ɗigo da lamba a ɓoye a ciki, kuma har yau da su ake aiki a asibitocin ido. In ka ga wani yana haɗa ja da kore ko ruwan ƙasa wuri ɗaya, ka ajiye amsoshinsa gefe, ka ba shi shawara cikin sirri ya je a duba shi. Wannan maganar ido ce, ba ta harshe ba.

Da kowa ka yi gwajin shi kaɗai. In mutum biyu suka zauna tare, na biyun bakin na farko zai bi.

Mataki na uku: jero sunaye ba tare da ganin komai ba

Kafin ka fito da zare ko ɗaya, ka ce, "Inna, lissafo mini launukan da kika sani." Ka ba ta minti biyu, ka rubuta a jere yadda suka fito. Kada ka ba da misali, kada ka gyara, kuma kai kanka kada ka sako Turanci. In ta ce bulu ko yalo ko girin, ka rubuta haka, domin wannan ma sakamako ne. Har kalmar tambayar ka lura da ita: launi daga Larabci muka samo ta, kala daga Turanci, kuma za ka iske wani bai gane ka ba sai ka ce kala.

Abin da ya fara fitowa daga baki shi ne mafi kusa da zuciya. A 1969 wasu masana biyu na jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley, Brent Berlin da Paul Kay, sun duba harsuna 98 suka ce tushen sunayen launi ba ya wuce 11, kuma harsuna suna samun su ne bi da bi. Harshen da ke da biyu, haske da duhu ne. Mai uku, na ukun ja ne. Sai kore da rawaya, sai shuɗi, sai ruwan ƙasa, sauran su zo a ƙarshe. An yi wa wannan ra'ayi gyare-gyare da suka masu yawa daga baya, amma ka duba takardarka ka ga ko ta yi kama da shi.

Mataki na huɗu: sanya wa kowane launi suna

A nan za ka fi daɗewa, kuma nan ne daɗin aikin. Ka riƙa miƙa katin ɗaya bayan ɗaya, a birkice, kana tambaya, "Wannan fa?" Ka rubuta lambar katin da amsar kalma da kalma. In an ce ja wur, kada ka rage ta zama ja. In an ce shuɗi-shuɗi ko baƙi-baƙi ko jaja-jaja, ka ja layi a ƙarƙashi, domin maimaita kalma alama ce cewa katin ya kusa iyaka a wurin mai maganar. Haka in ya yi jim, ko ya karkata katin yana duba shi, ka sa alama.

Za ka ji kalmomin da ba ka taɓa zato ba. Ruwan bula, ruwan omo, ruwan sararin samaniya a ɓangaren shuɗi. Tsanwa, algashi, ruwan ganye, ruwan kuka a ɓangaren kore. Ruwan ɗorawa, ruwan ƙwai, ruwan zuma, ruwan makuba, ruwan malmo, ruwan siminti. Dubi yadda kowace ke ɗauke da tarihinta: makuba daga ɓawon ɗorawa da ake jiƙawa a shafe daɓe da katanga, bula da omo daga kayan wanki na kanti, siminti daga ginin zamani. Rawaya kanta sunan tsiro ne da ake rini da saiwarsa, shuɗi kuma ɗan'uwan shuni ne na marina. Tsofaffin maɗinka a cikin birni sun san babbar riga mai rinin baba da ake kira kore, alhali babu ɗigon launin ganye a jikinta. In ka samu dattijon da ya san wannan, ka zauna da shi da kyau.

Wani abu da ya shafi Zariya musamman: Bazazzagen ainihi bai cika raba namiji da mace a magana ba, zai ce maka farin riga, jan hula. Ka rubuta yadda ya faɗa, kada ka mayar da ita Hausar littafi.

Bayan an gama ɗaya-ɗaya, ka baje katunan duka ka juya tambayar: "Wanne ne ja na ainihi?" "Nuna mini duk waɗanda za a iya ce wa ja." Ka yi haka ga kowace kalmar da mutumin ya ambata. Abin da masu bincike suka sha gani shi ne, mutane sun fi yarda da juna a kan cibiyar launi, sun fi saɓawa a kan gefensa. Jan ainihi na dattijo da na ɗalibi mai yiwuwa kati ɗaya ne, amma gonar jan dattijo za ta iya mamaye ruwan goro da ruwan ƙasa.

Mataki na biyar: rabawa kashi-kashi da daidaitawa

Ka tattara katunan ka ce a raba su, waɗanda suka yi kama su zauna tare, kashi nawa ne duk ya rage wa mai rabawa. Ka ƙirga kashin, ka rubuta lambobin da ke cikin kowanne.

Sannan ka yi gwajin daidaitawa, wanda yake bukatar kwafi biyu na katunan da ke tsakanin shuɗi mai duhu da baƙi. Ka miƙa ɗaya ka ce a nemo ɗan'uwansa sak a cikin jerin. Da na yi wa goggona wannan, katuna huɗu ta kira baƙi, amma ko sau ɗaya ba ta haɗa wani da ɗan'uwan wani ba. Ta ce wannan baƙin rini ne, wancan baƙin gawayi. Suna ɗaya, gani daban.

Na tsaya a kan wannan ne saboda kuskuren da manya suka yi a da. A 1858 William Gladstone, wanda daga baya ya zama firaministan Birtaniya, ya lura cewa tsofaffin waƙoƙin Girka ba su da tsayayyar kalmar shuɗi, sai ya ɗauka mutanen lokacin ganinsu na launi bai gama nuna ba. Ba a daɗe ba bincike a kan al'ummu daban-daban ya nuna rashin kalma ba rashin gani ba ne. Kada kai ma ka dawo daga gwajinka kana cewa tsofaffi ba sa ganin shuɗi.

Mataki na shida: gwajin tunawa

Ka ɗauki jerin kore zuwa shuɗi. Ka nuna kati ɗaya na daƙiƙa 5, ka rufe, ka bari daƙiƙa 30 su wuce, sannan ka buɗe jerin duka ka ce a nuna wanda aka gani. Ka maimaita da katuna goma. Ba yawan kuskure kake nema ba, inda kuskuren ya nufa kake nema. Koma kan takardar mataki na huɗu ka duba: in mutum ya kuskure, katin da ya zaɓa suna ɗaya ya ba su da na gaskiyar? Sau nawa ya tsallaka iyakar da shi da kansa ya shata?

Dalilin gwajin shi ne, idan launi ya ɓace daga ido, sunansa ne yake saura a riƙe. Debi Roberson da Jules Davidoff da Ian Davies sun yi irin wannan da mutanen Berinmo na ƙasar Papuwa Niyu Gini wajen 1999 zuwa 2000. Harshensu yana da kalmomin launi biyar, bai raba kore da shuɗi ba, amma yana da wata iyaka tsakanin launuka biyu da suke kira nol da wor wadda Turanci ba shi da ita. Aka tarar sun fi bambancewa da tunawa a kan tasu iyakar, Turawan Ingila kuma a kan tasu. A ɗaya ɓangaren, tun 1972 Eleanor Rosch ta ruwaito cewa mutanen Dani na tsibirin Niyu Gini, masu kalmomin launi biyu kacal, mili da mola, sun fi tuna launukan da suka yi fes kamar yadda Amurkawa suke yi. An kuma nuna cewa jarirai 'yan wata huɗu suna raba launi kashi-kashi tun ba su iya magana ba. Saboda haka harshe ba shi kaɗai ke aiki ba, ya tarar da wani abu a ƙasa ne ya ɗora nasa.

Mataki na bakwai: ɗaure harshe

Shahararren gwajin sauri shi ne na 2007, wanda Jonathan Winawer da Lera Boroditsky da abokan aikinsu suka yi. Rashanci ya raba shuɗi biyu, goluboy mai haske da siniy mai duhu, kamar yadda muka raba ja da rawaya. Aka riƙa nuna launi uku, ɗaya a sama biyu a ƙasa, a zaɓi wanda ya yi daidai da na saman. Masu Rashanci sun fi sauri idan na ƙasan ɗaya goluboy ne ɗaya siniy, masu Turanci kuwa babu bambanci. Da aka sa masu Rashancin su riƙe lamba mai alƙaluma takwas a zuci suna maimaitawa, fifikon ya ɓace. Wato harshe yana aiki a lokacin da ake kallon, in ka ba shi wani aiki sai ya saki.

Bambancin nan ɗan ƙanƙani ne, bai kai ƙiftawar ido ba, agogon waya ba zai kama shi ba. Amma dabarar ɗaure harshe za ta yi maka aiki a gwajin tunawa: ka sake mataki na shida, wannan karon cikin daƙiƙa 30 ɗin jiran mutum ya riƙa ƙirga daga ashirin zuwa ɗaya a bayyane. Ka kwatanta kurakuran.

Wanda kowa zai ji a jikinsa kuwa shi ne gwajin John Ridley Stroop na 1935. Ka samu biro ko maka launi huɗu. A takarda ɗaya ka yi ɗigo 40 masu launi. A ta biyu ka rubuta JA, KORE, SHUƊI, BAƘI sau 40, kowace da tawadar da ba tata ba, misali JA da koren biro. A faɗi launin tawada da sauri, ba kalmar ba, kai kuma kana riƙe da agogo. A gwajin Stroop, guda 100 sun ɗauki kimanin daƙiƙa 63 a takardar farko, kimanin 110 a ta biyu. Mu a nan muna da wata dama ta musamman: ka yi takarda ɗaya da boko, ɗaya da ajami, ɗaya da Turanci, ka ba almajirin da ya sauke da ɗalibin jami'a. Rubutun da mutum ya fi ƙwarewa a kansa shi zai fi harɗe masa harshe, wanda bai iya karantawa ba kuwa ba zai dame shi ba ko kaɗan.

Mataki na takwas: karanta abin da ka tara

Ka zana tebur, katuna a tsaye, mutane a kwance, ka cika da sunayen. Katin da kusan kowa ya ba suna ɗaya cibiya ce. Wanda aka ba suna shida ko bakwai yana fagen da Hausa ba ta gama yanke hukunci a kansa ba, kuma ina sa ran za ka same su a wajen ruwan goro, shunayya da tsakanin kore da shuɗi.

Sai ka auna zurfin kowace kalma da ma'aunin Hausa kanta. Tana da jam'i? Farare, baƙaƙe, jajaye, shuɗɗa, amma ruwan toka ba ta canzawa. Tana da kalmar ƙarfafawa? Fari fat, fari sol, fari tas, baƙi ƙirin, baƙi wuluk, baƙi siɗik, ja wur, ja zur, kore shar. Ta shiga maganar zuci da hali? Farin ciki, baƙin ciki, farin jini, baƙin jini, jan hali, jan aiki, farar hula. Za ka ga ukun nan sun yi wa sauran nisa. Ka kuma ware kalmomin da suka tsaya ga abu ɗaya: wankan tarwaɗa na fatar mutum ne, kili da akawal da bidi da danda na dawaki ne. Waɗannan ba a tambayarsu da zare. Ka jira lokacin hawan salla, ka je wurin masu kula da dawaki kafin Hawan Daushe, ka riƙa nuna doki kana tambaya.

Amfanin teburin nan ba ya tsaya ga sha'awa ba. In za a fitar da anko ko a sayo fenti, a daina aike da baki, a ba ɗan aike ƙyalle ko zare, domin shuɗin uwar amarya da na mai shago ba lallai su zama ɗaya ba. Malamin firamare da yaro ya ce masa masara ja ce, kada ya ja masa kunne, ya koya masa cewa Turanci a wani wuri daban ya sa tasa iyakar. Wanda ya fi damuna shi ne asibiti. Majinyaci in ya ce fitsarinsa ya yi ja, yana iya nufin ya yi duhu saboda zazzaɓi da ƙarancin ruwa, yana iya nufin irin na ciwon shawara, yana kuma iya nufin jini kamar na tsargiya. Haka baƙin bahaya, yana iya zama kore mai duhu, yana iya zama alamar zubar jini a ciki. Ma'aikacin jinya ya ƙara tambaya ɗaya: "Baba, kamar ruwan shayi, ko kamar manja, ko kamar zoɓo?" In da hali ma ya nemi a kawo ya gani da idonsa.

Katunan kuma ka zuba su a ambulan ka ajiye inda rana ba ta kaiwa, domin zare da fenti duk suna koɗewa, kuma in za ka ƙara mutane bayan wata shida dole su ga abin da na farko suka gani. A bangon littafinka ka rubuta kwanan wata, unguwar kowane mutum, shekarunsa, sana'arsa da harsunan da yake ji, ban da sunansa.